Ranar da Na Kira Sunanta

'Ya'yana uku ne, amma sunan biyu kawai maƙwabta suka taɓa ji a bakina. Su biyun nan kuwa sun ji har sun gaji. Namijin, na tsakiya, kafin ya gama sa takalmi da safe na kira shi ya fi a ƙirga. Autar ko tana gabana sai na kira ta, don bakina ya saba. Babbar ce ba ta da suna a wurina. 'Yar fari ce, kuma a gidanmu uwa ba ta kama sunan ɗan fari. "Ke" nake ce mata. In tana nesa in ce wa ƙanenta, "Kira mini yarinyar nan." Haka Inna, mahaifiyata, ta yi da ni, don ni ma 'yar farinta ce, ita ma kuma haka aka yi mata. Kakanninmu sun baro ƙasar Hausa da niyyar Makka, suka yada zango a bakin kogin nan, zangon ya zama gari. Abubuwa da yawa sun zube a hanya, yaranmu yanzu Larabci ya fi zama a bakinsu, amma kunyar ɗan fari ta iso nan yankin Jazira, inda muke zaune, lafiya lau.

Da aka yaye ta Inna ce ta ɗauke ta. Ba wata tafiya ba ce, 'yar katanga ce tsakaninmu, in na yi ɗage ina ganin tukunyar Inna. A can ta tashi cikin ƙannena, ta ji suna ce mini Yaya, ita ma ta kama. Sai da ta shiga makaranta ta dawo ɗakina, ta dawo da Yayarta a baki, ban hana ta ba, don hakan ya fi mini sauƙi. Babansu shi ma ba ya kama sunanta, amma shi ya samo wa kansa hanya. Tun ranar da ya tarar ta ɗaure wa kaza ƙafa da tsumma ya sa mata Dakta, ƙannenta suka bi. Ni ko Daktan ban iya faɗa ba, don akwai yabo a cikinsa.

A shekarun nan ina aiki a ɗakin allurar riga-kafi na wani ƙaramin asibiti a birnin Madani, babansu kuma yana noman hawasharsa, gonar da ya gada a bakin babbar hanyar ruwa. Safiyar gidanmu sai wanda ya gani. Ina idar da sallar asuba zan hura gawayi, shayi a gefe ɗaya, kaskon ƙosai a ɗaya gefen, dutsen guga yana jiran nasa garwashin. Namijin kullum safarsa ɗaya ta ɓata, kuma kullum wani ne ya ɗauke masa, shi bai taɓa yar da komai ba a duniya. Autar tana kukan ba za a taje mata kai ba. Babansu yana zaune kan gadon igiya da kofin shayi, yana ba da umarni kamar mai kula da rabon ruwa, ba ya taɓa komai. In na harare shi ya ce, "Ai ina taya ki da ido." Inna kuma ta leƙo ta katanga ta ce ƙosaina ya yi gishiri, alhali ko ɗanɗanawa ba ta yi ba. A cikin wannan hayaniya nake ɗaure wa kowa faturinsa, abincin da suke ci a makaranta da hantsi, in yafa farin tob ɗina na aiki, dogon mayafin da matan nan ke sawa, in yi gudu bakin titi kafin hafla, motar haya, ta cika. Ina son safiyoyin nan ƙwarai, ko da yake a lokacin da an tambaye ni cewa zan yi sun ishe ni.

Babbar ba ta cikin masu ba ni wahala. Ita ke wanke autar, ita ke gano safar a ƙarƙashin buhun dawa. Ni kuma abin da nake yi mata ba a faɗa. Ƙosan da ya fi kumbura nata ne, amma a ƙasan burodi nake tura shi inda ba mai gani. Rigarta ta makaranta ita nake fara gogewa tun dutsen yana da zafi sosai. Sannan in miƙa wa ƙanenta in ce, "Ba ta." A wurina wannan magana ce a fili, duk mai ido ya gani. A ƙasan tuwo na riƙa tsintar tsokata a kwanon Inna tun ina yarinya, ban kuma taɓa tambayar kowa ko Inna tana sona ba.

A wurin aiki kuwa kiran suna ne sana'ata. Uwaye su cika benci da jarirai, ni in tsaya bakin ƙofa ina ɗaga murya, wance 'yar wane, wane ɗan wance, har azahar. Amma in aka kawo jaririya mai sunan 'yata, sai in miƙa wa abokiyar aikina katin, ko in ce, "Mai jar hular nan, shigo." Abokiyar aikin nan Balarabiya ce 'yar cikin Madani, mace mai kirki da yawan dariya. Ita in 'yarta ta kira ta a waya, duk asibitin sai ya ji tana ce mata hantata, idona, raina, ga sumba tana tashi a iska. Ta sha ce mini, "Ku dai zuciyarku dutse ce." Ni kuma in ce mata, "Ku kuma taku a tafin hannu take, kaza ma ta iya tsattsage ta." Mu yi dariya mu ci faturinmu a kwano ɗaya.

Abin ya faru ne lokacin sanyi, alkama ta yi kore shar a gonaki. Ina cikin hafla na buɗe jakata, sai ga ƙunshin faturin babbar, na haɗa da nawa cikin gaggawa. Makarantar 'yan mata tana garin da ke gaba da namu, a bakin hanya, garin da mu da Larabawa muke cakuɗe. Na ce wa yaron mota ya sauke ni. A bakin ƙofa na tarar da wata sabuwar malama, 'yar garin Rufa'a, ba ta san kowa ba tukuna. Muka gaisa, na nuna mata ƙunshin.

"Sunan yarinyar?" ta ce.

Na ce doguwa ce, baƙa, tana aji shida, gidansu na bakin ruwa.

"To, sunanta fa?"

Na ce tana da 'yar wushirya.

Malamar ta dube ni daga sama har ƙasa. Ga mace da farin tob, da alamar ta yi karatu, ta kawo abinci amma ba ta san sunan mai abincin ba. 'Yan mata suka fara taruwa suna ƙus-ƙus. Allah ya taimake ni wata 'yar unguwarmu ta gane ni, ta ruga ta kira ta. Da malamar ta ga wadda aka kira sai fuskarta ta sake. Ta dafa kafaɗarta, ta tambaye ni, "Ke wace ce tata?"

Na ce, "Daga gidansu nake."

"To don Allah ki gaya wa mahaifiyarta, yarinyar nan abin alfahari ce. Ranar rufe makaranta lallai ta zo da kanta."

Yanzu a ce mutum ya yabi 'yarki ta fari a gabanki, ke kuma ki buɗe baki ki ce ai ni na haife ta? Bakina bai san hanyar wannan magana ba. Na ce, "To, za ta ji." Na miƙa ƙunshin, yarinyar ta karɓa da hannu biyu ba ta dube ni ba, ni kuma na koma bakin titi ina jin haushin na makara.

Da yamma na dawo na tarar ƙunshin yana kan randa, ba a ko kwance shi ba. Namijin ne ya fasa maganar muna cin abinci, shi da ba ya iya riƙe komai a ciki. Ya ce a makarantarsu ma an ji, wai Dakta ba ta da uwa, riƙonta ake yi a gidanmu, wata ma ta ce a hawasha aka tsince ta. Ya faɗa yana dariya. Babansu ya daka masa tsawa.

Muna wanke-wanke a bakin rumfa ni da ita, rana ta kusa faɗuwa, sai ta yi magana. Da Larabci ta yi, don duk maganar da ta yi mata nauyi da Larabci take fitowa. Ta ce, "Yaya, ranar rufe makaranta ana kiran waɗanda suka yi ƙoƙari. In an kira yarinya uwarta takan tashi ta yi guɗa, ta kira sunanta. Bara an kira ni, ba wanda ya tashi. Ba kyauta nake so ba." Ta ɗauraye kwano ta kife. "In ba za ki iya ba, kada ki zo. Gara a ce ba ki samu zuwa ba, da a ce kina wurin."

Na ce, "Ke, ɗauko mini tokar can." Abin da na iya faɗa ke nan. Amma maganar ta shige ni, ta yi mini ciwo ƙwarai. Haushi ma na ji. Duk ƙosan nan, duk gugar nan, ashe yarinyar ba ta karanta ko ɗaya ba? Da na huce sai na ga ba laifinta ba ne. Ni na tashi a unguwar da kowace 'yar fari haka take, ba mai tambaya. Ita kuwa tana zaune a benci ɗaya da yaran da ake kira hantata a bakin ƙofar makaranta.

Na kai ƙara wurin babansu, ya yi ta dariya har da buga ƙafa. Ya ce, "Ke da duk bikin garin nan sai an aiko a ɗauke ki guɗa? Ke da kike tayar da tantabarun masallaci?" Gaskiya ya faɗa, Allah ya ba ni maƙogwaro, na yi wa 'ya'yan mutane guɗa har can garin Dindir. Na ce masa, "Na mutane daban. Kai in ka isa tashi ka kira ta." Ya ce shi ba zai samu zuwa ba, a ranar ne ruwa zai shiga hawasharsa. Na ce, "Tun yanzu ka san ranar?" Ya ce ai ruwan nan yana da hankali.

Daga nan na shiga koyon sunan da ni da kaina na ji an raɗa. Wallahi abin dariya. In na hau raksha, babur mai ƙafa uku, daga tasha zuwa asibiti, injin yana ƙara, sai in ja tob in rufe baki in faɗe shi a hankali. Ranar farko ji na yi kamar na yi sata. Wata rana mai rakshar ya waiwayo ya ce, "Na'am, Hajiya?" na ce da Allah nake magana, ya kula da hanyarsa. Sannan wata safiya aka kawo jaririya mai sunan. Hannuna har ya tafi wurin abokiyar aikina da katin, sai na janye. Na tsaya bakin ƙofa na kira. Muryar ta fito 'yar siririya kamar ba tawa ba, uwar jaririyar ma ba ta ji ba, sai da na sake. Abokiyar aikina ta ajiye allura ta dube ni, ta ce, "Mabruk," wato barka. Na ce ta yi aikinta. Ita ce kuma ta karɓar mini aikin ranar rufe makaranta, ba tare da na roƙa sau biyu ba.

Duk wannan ban gaya wa yarinyar komai ba. Ita ma ba ta sake tayar da maganar ba. Tana wanke autar, tana gano safa, tana cin faturinta, amma dariyarta ta ragu a gidan, kuma na lura.

Ranar ta zo da zafi, an gama girbin alkama. Na shirya tsaf, ina cewa a raina in Allah ya so zan zauna can baya cikin Larabawa inda ba wanda ya san ni, in yi abin da zan yi in gudo. Ina fitowa sai ga Inna a ƙofar gida da lulluɓinta na zuwa biki, da ƙawayenta tsofaffi biyu, har sun tsayar da raksha. Na ce, "Inna, ina zuwa?" Ta ce, "Ɗiyata za a kira, in zauna gida in yi mi?" Duk duniya ba wanda nake jin kunyarsa a kan wannan abu kamar Inna. Matar da ta haife ni, ta aurar da ni, ta karɓi haihuwata, ba ta taɓa kuskuren kama sunana ba ko a cikin ciwo. A gabanta zan tashi in yi wa 'yar fari guɗa?

An jera kujeru a ƙarƙashin itatuwan dalbejiya, an ɗaura lasifika a jikin reshe. Inna ta zaɓi layin gaba, ta zaunar da ni a gefenta, tsofaffin nan suka sa mu a tsakiya. Autar tana kan cinyata tana shan ƙanƙara mai zaƙi tana ɗiga mini a tob. Can bayan katanga na hango babansu a kan jakinsa, mai ruwa a hawasha, wai wucewa yake yi. Aka yi karatu, aka yi waƙoƙi, shugabar makaranta ta yi dogon jawabi. Sannan aka fara kira. Kowace yarinya aka kira, sai uwarta ta miƙe, guɗa ta tashi, a rungume, a yi ta hawaye, wata har da watsa alewa. Da aka zo aji shida aka kira ta ɗaya, aka kira ta biyu. Ta uku ita ce.

Ta fito daga layi, doguwa, rigar nan da na goge da asuba tana ɗaukar ido. Ta karɓi 'yar kyautarta a hannun sabuwar malamar. Aka tafa. Daga nan wurin ya yi shiru irin na jira, don kowa ya saba abin da ke biyo baya. Malamar tana waige-waige tana neman uwar da ta aika wa saƙo. Yarinyar ba ta dubi inda muke ba, takalminta take kallo. Ni kuwa ina nan zaune a kujerata. Na ce a raina shi ke nan, na kasa.

Sai Inna ta yi tsaki. Ta ce, "Wannan rana ta dame ni." Alhali muna cikin inuwa. Ta ja lulluɓinta ta rufe kanta ruf har fuska, ta juya kujerarta ta ba filin baya, ta fuskanci gindin bishiya. Tsofaffin nan biyu suka dubi juna, su ma suka ja nasu suka juya. Daga cikin lulluɓin, ƙasa-ƙasa, na ji ta ce, "Ni ba ni gani, ba ni ji. Wanda ke da abin yi shi yi."

Na sauke autar. Na miƙe. Na kama hancina na rangaɗa guɗar da ban taɓa yi wa 'yar kowa irinta ba, har lasifikar ta yi ƙara, jakin babansu ya zabura. Da numfashina ya dawo na kira sunanta, cikakke, da ƙarfi, yadda nake kira a bakin ƙofar asibiti. Na ƙara da Larabci don malamar ta ji, na ce, "Tawa ce. Ni na haife ta."

Ta ɗago kai. Ta dube ni kamar ba ta gane mai maganar ba. Sannan wushiryar nan ta bayyana, ta amsa da Hausa, a gaban duk makarantar, "Na'am, Umma."

Ban san lokacin da ta iso ba, sai ji na yi kanta a kafaɗata, ashe har ta kusa kamo ni tsawo. Rabon da in riƙe ta haka tun tana shan nono. Na yi kuka, ba zan ɓoye ba, na ji daɗin da ban san inda zan sa shi ba. Matan Larabawan nan suka taya ni da tasu guɗar, malamar ta zo tana dariya tana cewa, "Ashe ke ce, daga gidansu."

A raksha muna komawa an matsu, autar a kan Inna, kyautar a kan cinyata. Muka hau gadar ruwa. Inna ta gyara lulluɓi, tana kallon gonaki, ta ce wa ƙawarta, "An ce wata ta yi rashin kunya yau a makaranta." Ƙawar ta ce ita ma haka ta ji. Inna ta ce, "Ni ban gani ba. Amma an ce muryar ta fita."

Da magariba Inna ta miƙo kwano ta kan katanga, ta ba jikarta, ta ce, "Ba ta." Tuwon dawa ne da miyar kuɓewa. Na sa hannu har ƙasa, na tarar da tsoka biyu.

Washegari ba makaranta, amma ni ina da aiki. Gawayi, shayi, namijin yana neman takalmi wannan karon, babansu yana taya ni da ido. Na ɗaga kai ina neman mai miƙo mini mafici, na ce, "Ke." Daga cikin ɗaki ta ce, "Na'am, Umma," ta fito da shi a hannu tana murmushi.